Laburaren Gari: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Kawo Mana

Na daɗe ina zaune a teburin karɓar baƙi na wani laburaren gwamnati a jihar Kano. Tambayoyin da mutane ke zuwa da su kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu daga bakin ƙofa ake yin su, mai tambayar bai ma yarda ya shigo ba. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Ƙa'idoji kan ɗan bambanta daga reshe zuwa reshe, amma abin da ke ƙasa shi ne yadda aikin yake tafiya a galibin ɗakunan karatu na jama'a.

Wa aka yarda ya shiga?

Kowa. Ɗalibi da tela, mai kayan miya da ɗan fansho, matar aure da almajiri. Ba a tambayar takardar makaranta a bakin ƙofa.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah tsaye a gindin bishiyar da ke harabarmu fiye da rabin awa, tana jiran ɗanta ya fito. Na fita na ce, "Hajiya, ki shigo ki zauna mana, rana ta yi zafi." Sai ta ce, "Malam, ai wurin na 'yan boko ne." Maganar ta tsaya mini a rai har yau. Da dukiyar jama'a aka gina wurin, da ita ake biyan albashinmu, kuma ita Hajiyar tana cikin jama'ar. Ranar ta shigo, ta ɗauki wani littafin girke-girke na Hausa, ba ta tashi ba sai da aka kira la'asar.

Ana biyan kuɗi?

Rajistar zama mamba ce takan ci ɗan kuɗi kaɗan, kuma ana sabunta ta lokaci-lokaci. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit. Idan aka ce babu rasit, ka nemi ganin shugaban reshen. Fotokwafi da buga takarda daga kwamfuta su ma ana biya, don takarda da tawada saye ake yi.

Me zan zo da shi don yin rajista?

Hoton fasfo, katin shaida (na ƙasa, na makaranta ko na wurin aiki) da cikakken adireshi. Za a ba ka fom ka cike. Mai son ya riƙa aron littafi zuwa gida akan nemi ya kawo wanda zai tsaya masa: shugaban makarantarsa, mai unguwa, ko wani ma'aikaci da aka san inda za a same shi. Yara ƙanana iyaye ne ke sa musu hannu. Wanda cike fom ke ba shi wahala ya faɗa kawai, za mu zauna mu cike tare, ba abin kunya ba ne.

Zan iya tafiya gida da littafi?

Littattafai kashi biyu ne. Akwai na aro, waɗanda ake buga musu hatimin ranar dawowa a takardar da ke manne a cikin bango. Yawanci mako biyu ake bayarwa, kuma idan ba ka gama ba kana iya dawowa a ƙara maka lokaci, matuƙar babu wanda ke jiransa. Akwai kuma waɗanda ba sa fita: ƙamus, kundin sani, taswirori, jaridun da aka ɗinke, da duk littafin da kwafi ɗaya tak ya rage mana. Waɗannan a nan ake duba su a mayar.

Na wuce ranar dawowa, ko littafin ya lalace a hannuna. Yaya zan yi?

Ka dawo da shi ko a wane hali yake. Tarar jinkiri ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke cinye littattafanmu shi ne jin nauyi: mutum ya makara da mako ɗaya, kunya ta hana shi zuwa, mako ya zama shekara, daga nan ya daina bin titin laburaren gaba ɗaya. Mun yi asarar littafi, mun kuma yi asarar mai karatu, ta biyun ta fi mini ciwo.

Idan shafi ya yage, kada ka liƙa masa salatef. Bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yakan narke ya ƙona takardar ta koma ruwan ƙasa. Idan ruwa ya jiƙa shi, kada ka shanya a rana. Ka buɗe shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, sannan ka kawo mana. Wanda ya ɓata kuma akan nemi a sayo irinsa ko a biya kuɗinsa.

Mene ne waɗannan lambobin da ke gadon bayan littattafai?

Adireshin littafi ne a kan kanta. Yawancin ɗakunan karatu na jama'a suna bin tsarin da wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999. Jami'o'i da dama kan bi wani tsarin daban mai haɗa haruffa da lambobi, shi ya sa ɗaliban da suka saba da laburaren jami'a kan ɗan rikice in sun zo wurinmu.

Ba sai ka haddace duka ba. Addini yana 200, Musulunci kuma a 297. Harsuna suna 400, kimiyya 500. Gidan 600 shi ne na sana'a da fasaha: kiwon lafiya a 610, noma da kiwo a 630, girki da kula da gida a 640. Adabi yana 800, tarihi da labarin ƙasa 900, Afirka a 960, Najeriya a 966.9. Mai neman nahawun Hausa da ƙamus ya nufi 493.72, mai neman labarai da waƙoƙin Hausa kuma 893.72, ko da yake rassa da yawa sukan ware wa littattafan Hausa kantarsu daban don sauƙin samu.

Amfanin sanin lambar shi ne, in ka je neman littafi ɗaya a kan kiwon kaji za ka tarar da 'yan'uwansa jere a gefensa, har da waɗanda ba ka san an rubuta ba. Roƙo ɗaya nake yi: in ka gama da littafi, ka bar shi a kan tebur mu mayar da kanmu. Littafin da aka soke a gurbin da ba nasa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne, sai ranar da Allah ya sa aka yi tuntuɓe da shi.

Na daɗe rabona da karatu. Da wane littafin Hausa zan fara?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini.

Ka fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930. Dalilina mai sauƙi ne: labaran gajeru ne, aku ne ke ba da su ɗaya bayan ɗaya, kana iya gama guda kafin shayi ya huce, kuma Hausar da ke ciki tana gyara wa mutum baki. Daga nan sai Ruwan Bagaja, shi ma nasa, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna ƙeta gari-gari. Ban taɓa ba wa mutum shi ya dawo da shi fuska a murtuke ba.

Ruwan Bagaja ɗaya ne daga cikin littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya ƙarƙashin Rupert East. Daga gasar ne aka sami Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya. Shaihu Umar ɗan ƙaramin littafi ne amma yana da nauyi a zuciya: labarin zamanin bauta ne, da uwar da ta keta sahara tana neman ɗanta. Ba na ba wa wanda ya zo neman nishaɗi shi a ranar farko. Sai ya saba tukuna.

Mai son ya ji muryar mace ya ɗauki So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, na 1980, sannan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya tona abin da ke faruwa da mace da 'ya'yanta idan maigida ya juya musu baya. Mai son wasan kwaikwayo akwai Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi. A waƙa kuwa, Imfiraji ta Aliyu Namangi da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Shawarata game da waƙa: ka are ta ka tafi gida ka rera da murya. A nan dole ka yi shiru, waƙar Hausa kuwa ba a rubuta ta don a karanta a zuci ba.

Littattafan soyayya fa? Ana cewa ɓata tarbiyya suke yi.

A cikinsu akwai masu kyau, akwai na banza, kamar kowane irin rubutu. Amma ni shaida ne a kan abu ɗaya: tun daga ƙarshen shekarun 1980 da waɗannan littattafai suka cika kasuwannin Kano, dubban mata sun riƙe karatun boko ne saboda su. Wadda aka cire daga makaranta tana aji huɗu, littafin haya na unguwa ne ya hana haruffa gudu daga kanta. Ba zan raina abin da ya yi wannan aikin ba. Uwa ko uba da ke da damuwa, su karanta littafin kafin yarinyar ta karanta, sai su yi hukunci a kan abin da idonsu ya gani.

Ɗana ba ya son karatu. In kawo shi?

Ki kawo shi, amma kada ki ce masa za a je karatu ne don jarrabawa. Ki bar shi ya zaɓa da kansa, ko da littafin hotunan motoci ne ko na namun daji. Yaron da ya kai ƙarshen firamare akan dace da shi da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, mai labarin tafiya sararin samaniya. Na ƙasa da haka kuma tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sun ishe su.

Kuskuren da na fi gani shi ne iyaye su hana yaro littafin Hausa wai kada Turancinsa ya lalace. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, ya riga ya gane yadda harafi ke zama magana, kuma wannan ganewar ita zai ɗauka ya shiga Turanci da Larabci da ita. Abu na biyu, yaro yana kwaikwayon abin da ya gani. Idan kika zauna kusa da shi da naki littafin na minti ashirin, ya fi masa faɗan wata guda.

Ƙananan yara dai a zo da babba tare da su. Ma'aikatanmu ba su da yawan da za su yi reno.

Akwai wurin da mata za su zauna su kaɗai?

Rassa da yawa sun ware ɓangare ko tebura na mata. Inda ba a ware ba, ki yi wa ma'aikaci magana a sama miki wurin da hankalinki zai kwanta. Duk wanda ya dame ki, kada ki tattara kayanki ki tafi shiru, ki faɗa mana. Shi ne zai fita. Karatun mata a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar ƙungiyarta ta 'yan taru tun kafin a san za a yi wani abu wai shi laburaren gwamnati.

Ina shirin WAEC, NECO ko JAMB. Me za ku taimaka mini da shi?

Wurin zama mai shiru, littattafan manhaja, da tambayoyin shekarun baya inda ake da su. Lokacin jarrabawa kujeru kan ƙare da wuri, don haka a yi sammako. Ba a kama wa aboki wuri da jaka.

Ka zo da manhajar bana a hannunka, domin littattafan adabi da ake sa wa ɗalibai suna sauyawa, kada ka ɓata wata biyu a kan wanda aka riga aka cire. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. Duk shekara ina ganin yara masu ƙoƙari da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Idan reshenku yana da kwamfuta, ka nemi ko awa ɗaya a mako ka saba da ita.

Akwai wuta da intanet?

Ya danganta da reshe. Manyan wurare irin su Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello a Kano sun fi ƙananan rassa kayan aiki nesa ba kusa ba. A ƙaramin reshe ka zo da wayarka cike da caji, ka kuma zaɓi kujerar kusa da taga. A sa waya a shiru, mai amsa kira ya fita waje.

Komai yana cikin waya yanzu. Me zai kawo ni laburare?

Ba komai ne ke cikin waya ba, musamman abin da ya shafe mu. Littattafan Hausa da yawa da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta buga a shekarun 1950, da waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar bayan kafa shi a 1966, ba za ka same su a intanet ba, a kasuwa ma sun yi wuya. Tarihin garinku da wani malamin makaranta ya rubuta ya buga kwafi kaɗan, in ba a kantar laburare ba, sai dai a akwatin magadansa.

Sannan akwai shirun kansa. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ƙanne biyar ya san darajar tebur da kujera da awa uku babu mai aikensa sayen kalanzir.

Ina binciken tarihi. Ina zan sami tsofaffin jaridu da takardu?

Ka fara da mu, don mu nuna maka abin da aka riga aka rubuta, kamar Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, ko Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Daga nan sai tafiya. Fayilolin zamanin Turawa na lardunan Arewa suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A Kadunan kuma akwai Gidan Arewa, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna. A Sakkwato akwai hukumar tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, a Kano kuma Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Mai neman tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ya nufi Zariya da Kaduna. Ka tafi da takardar gabatarwa daga makarantarka ko wurin aikinka, tana sauƙaƙa shiga.

Don ma'anar tsofaffin kalmomi, ƙamus ɗin Bargery na 1934 har yanzu ba shi da na biyu wajen yawan kalmomi, sai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke bayani da Hausa zalla.

Mahaifinmu ya rasu ya bar littattafai. Kuna karɓa?

Allah ya jiƙansa. Muna karɓa, kuma sadaka ce mai gudana. A fara daidaitawa da sauran magada tukuna, don littafi ma dukiyar gado ce. Sai a bar mu mu duba kafin a kawo, saboda littafin da gara ko ƙwaro ya shiga yana iya lalata kanta guda.

Idan akwai rubutun hannu na ajami ko Larabci a cikin gafaka, wannan maganarsa daban ce. Kada a raba takardun, kada a sake musu jeri, kada a kai a liƙe su da leda mai zafi, kada kuma ruwa ya kusance su, domin tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, danshi kaɗan ke narkar da ita. Irin waɗannan ƙaramin reshe ba shi da kayan adana su. Za mu haɗa ku da cibiyoyin da na ambata a sama, kuma kuna iya neman a ɗauki hotonsu a bar muku asalin a gida.

Na rubuta littafi. Yaya zai shiga kantarku?

Ka kawo mana kwafi, za mu yi masa lamba mu jera shi. Kafin ka kai maɗaba'a, ka nemi lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Laburaren Ƙasa, wanda dokar 1964 ta kafa. Shi ke bayar da ita a Najeriya, kuma yana da rassa a jihohi. Doka ta kuma wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can. Marubutan Hausa da yawa ba sa yi, shi ya sa littafin da ya yi tashe shekara ashirin da suka wuce yau ko marubucinsa ba shi da kwafi.

Waɗanne lokuta ne ake yin taruka?

Ranakun da muka fi kulawa da su huɗu ne: 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, 26 ga Agusta ranar Hausa, da 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci. Dogon hutun makaranta shi ne lokacin karatun yara da gasar kacici-kacici. Da azumi lokutan aiki kan ragu. Sanarwa tana kan allon da ke bakin ƙofa, kuma a nan muke manna labarin gasannin rubutu idan an buɗe, irin su Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata marubuta. Ƙungiyar marubuta ko ta ɗalibai da ke son yin zaman karatu a zaurenmu ta rubuto takarda da wuri.

Me ya sa littattafanku suka tsufa haka?

Saboda kuɗin sayen sababbi ba ya zuwa yadda ya kamata, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Ga ƙurar hunturu, ga yoyon damina, ga gara. Littafin adabi ko tarihi tsufa ba ya rage masa komai. Na likitanci, doka da kwamfuta kuwa ka duba shekarar bugu kafin ka dogara da shi.

Akwai abin da kai ma za ka iya. Ka sa hannu a rajistar baƙi duk ranar da ka zo, domin da wannan adadin muke kare buƙatarmu a gaban masu kasafi. Ka rubuta sunan littafin da ka nema ka rasa a littafin buƙatu. Idan ɗan majalisarku ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo neman ƙuri'a, a cikin abin da za ku lissafa masa ku sa rufin laburare da sola.

Ban iya karatun boko ba, sai na allo. Akwai abin da zan samu?

Akwai, Baba. A gidan 297 za ka tarar da littattafan Larabci, wasu rassan kuma suna da na ajami. In kana son ka ƙara da boko, Hukumar Ilimin Manya ta jihar Kano, wadda aka kafa a 1980, tana da azuzuwa, sauran jihohi ma suna da irinta, za mu nuna maka mafi kusa da gidanka. Wanda ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali a allo ba ya daɗewa kafin ya kama boko. Kafin nan, ka zo da jikanka da hantsi ranar da ba shi da makaranta, ku zauna a benci na waje inda magana ba ta damun kowa, ya karanta maka jarida kana gyara masa Hausa.